Godiya ga Kamfanin da ya Gyara Bututun Sokawe a Mashigar Sito da ke Arkilla

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Injiniya, kai da yaranka.

Mu magina da masu aikin famfo na Arkilla, nan Sakkwato, muka rubuto don mu yi muku godiya a bainar jama'a kan aikin da kuka yi a mashigar siton siminti, inda bututun bayan gida ya ratsa ƙarƙashin hanyar mota kafin ya kai sokawe. Tirela mai buhu 600 daga masana'antar siminti ta Kalambaina tan 30 take ɗauke da shi ban da nauyin kanta, kuma ta nan take bi. Bututun roba mai inci 4 ba a yi shi don wannan ba.

Abin da ke kashe irin wannan bututu sananne ne. A binne shi ƙafa ɗaya, a mayar da ƙasar da aka haƙo da duwatsunta, a yi daɓe a kai. Taya na hawa sai ya lotsa, mahaɗa ta saki, gangara ta ɓaci, ƙazanta ta kwanta a tsakiya. Ruwan da ke yoyo ya ci ƙasar ƙarƙashi, damina na zuwa hanya ta rufta.

Ku kuwa kun fara da awo. Kun ba shi gangarar santimita 2 a kowace mita, wadda ruwa zai tafi da kayansa ba tare da ya tsere ya bar su a baya ba. Kun shimfiɗa tankaɗaɗɗen yashi kaurin inci 4 a gindin rami, kuka zura bututu mai kauri cikin wani na ƙarfe mai inci 6, har bakin na ƙarfen ya zarce gefen hanya ta kowane ɓangare. Cikon ma daki-daki kuka yi shi, inci 6 a daddaɓe kafin a ƙara wani, kuma kusa da bututun da hannu aka daɓe, ba da inji ba.

Inda kuka fi burge mu shi ne kankaren. Da yake bakin sokawen bai bari a nutsa bututun ya kai ƙafa 3 ba, sai kuka yi masa gada. Kankare ne mai kaurin inci 8, kwaɓin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, da rodi mai milimita 12 a saƙe, tazarar inci 6. Ya hau kan ƙasar da ba a taɓa ba aƙalla ƙafa ɗaya ta kowane gefen rami, ga yashi tsakaninsa da bututun. Nauyin mota sai ya sauka gefe da gefe. Wasu kai tsaye suke zuba kankare a jikin bututu suna ganin ƙarfi ne, alhali ranar da kankaren ya tsage, tare da bututun zai tsage.

Zubin ma da asuba kuka yi shi, kuka rufe da jiƙaƙƙun buhuna, ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Wanda ya san zafin Sakkwato ya san kankaren da ya sha rana tun yana ɗanye ba ya yin ƙwari. Kun kuma tsaya kai da fata cewa babbar mota ba za ta hau ba sai ya cika kwana 28, duk da ƙorafin direbobi.

Kun gina ƙaramin ramin dubawa mai murfi a kowane gefen hanya, ko ya toshe sai a zura sanda ba tare da fasa daɓe ba. Kun kuma kafa turaku kewaye da sokawen don kada mota ta hau kansa garin juyawa.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa.

Naku,
Magina da masu aikin famfo na Arkilla, Sakkwato