Wa zai raka ni zaman waƙe?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya na halarci zaman karanta rubutattun waƙoƙi a Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano, karo na farko a rayuwata. Wallahi jin waƙa daga bakin mai ita daban yake da karanta ta a takarda. Wani dattijo ya rera ƴar ƙwar biyar, wato waƙa mai layi biyar a kowane baiti, kan Kasuwar Kurmi, ba kiɗa, muryarsa kawai. Kafin baiti na uku duk mun kama amshi. Wata ɗaliba kuma ta karanta marsiyyar mahaifiyarta, takardar na rawa a hannunta, zauren ya yi tsit.

Akwai wani zaman ranar Asabar bayan La'asar. Mai zuwa ya rubuta sunansa nan kafin Alhamis. A daure a zo da wuri, kujeru na saurin cika.