Wasiƙa kan gadar da za ta haɗa lambu da bakin kogi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso. Ashe kai suka ɗora wa shugabancin kwamitin da zai tattara ra'ayin jama'a kan gadar ƙafa da za ta tsallake babban titi, daga lambun shaƙatawa zuwa bakin kogi. Allah ya taya ka riƙo. Ka ce in faɗa maka ta inda za ku fara.

Kada ku fara da zane. Da zarar an kafa hoton gada mai ƙyalli a bango, taro ya koma gardamar launi da siffa, alhali abin da ke raya gadar ƙafa ko ya kashe ta yana bakunanta biyu: inda mutum zai hau da inda zai sauka. Ku fita ku ƙirga masu tsallaka titin, kwana uku na aiki da biyu na hutu, safe da rana da yamma, kuna rubuta masu keke daban, masu turin keken jarirai daban, tsofaffi daban. Ku duba inda sawu ya kashe ciyawa, da inda aka ɓalle shinge. Jama'a sun riga sun zaɓi hanyarsu da ƙafa. In kuka kai gadar nesa da wurin saboda can ne fili ya fi araha, za su ci gaba da ratsa titi a guje, gadar tana sama tana kallonsu.

Sai lissafin da ya kamata kowane ɗan kwamiti ya iya yi a bayan ambulan. Dole manyan motoci su wuce a ƙarƙashi, kuma a Birtaniya, alal misali, ana barin mita 5.7 tsakanin kwalta da cikin gadar ƙafa. Ƙara kaurin gadar, ka ga mutum zai hau mita 6 ko fiye. Gangaren da mai keken guragu zai hau ba tare da ya galabaita ba shi ne tashin mita 1 a cikin tafiyar mita 20. Wato mita 120 a kowane gefe. Dokar Amurka ta yarda a matse zuwa 1 cikin 12, amma da sharaɗin a yi wurin hutawa mai tsawon mita 1.5 bayan kowane tashin santimita 76. Hakan ma sai ya ci mita 80 da 'yan kai. Ka ga kenan gangaren ya fi abin da ke kan titin tsawo nesa ba kusa ba, kuma shi ne zai cinye bishiyoyin lambun da filin wasan yara. Nan rigimar take, gara a yi ta tun yanzu. In lambun yana da tudu, ku ɗora bakin gadar a kansa, kowace mita ɗaya ta tudu ta rage muku mita 20 na gini. Gadar BP da ke Chicago, wadda aka buɗe a 2004, ta miƙe har mita 285 tana lanƙwasa kamar maciji, kuma wannan tsawon ne ya ba ta gangare mai sauƙin hawa. Wani zai ce a sa lif a huta. Lif yana son wuta da mai gyara, ranar da ya tsaya kuwa, mai keken guragu ya rasa gada. Ni dai gangare na fi so, da matakala a gefe don masu sauri.

Faɗi kada ya gaza mita 2 in masu ƙafa ne kaɗai. In da kekuna, mita 3.5 zuwa 4, kuma ka ɗauka za su zo ko an hana su. Makarin gefe ya kai mita 1.1 ko ɗan fiye, a ɗaga shi zuwa 1.4 saboda masu keke. Tazarar sandunansa ta gaza santimita 10 don kada kan yaro ya shige, kuma a tsaye za a jera su, don na kwance tsani ne ga yara.

Gefen kogi ya fi wuya. Ku nemi alamar ambaliya mafi girma da aka rubuta, ku kuma tambayi dattawan da suka daɗe a wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Za ka ji injiniyoyi suna cewa "ambaliyar shekara ɗari". Kada kowa ya ɗauka sau ɗaya take zuwa a ƙarni. Ma'anarta kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, wanda a cikin shekara 30 ya haura kashi 25. Ƙasar gaɓa yawanci laka ce da yashi, ba ta ɗaukar nauyi, shi ya sa ake haƙa ramukan gwaji a daidai inda kowane ginshiƙi zai tsaya kafin a san zurfin turakun da za a kafa. Kwamitoci sukan so tsallake wannan don kuɗinsa, daga baya ɗan kwangila ya tono ya tarar da taɓo, farashi ya tashi, ba kuma mai iya musa masa. Ruwa mai gudu yana kwashe ƙasa daga gindin ginshiƙi a ɓoye, kuma wannan zaizayar tana cikin manyan abubuwan da ke kayar da gadoji. Maganinta tushe mai zurfi da jibga manyan duwatsu a kewaye. Ku kuma nemi taswirar bututun ruwa da wayoyin da ke binne a gefen titi tun kafin a tsai da wurin ginshiƙai.

Nauyi ba shi ne abin tsoro ba, ƙa'idar Turai ta ce a lissafa kusan kilo 500 a kan kowace murabba'in mita, kuma kowane injiniya ya san haka. Rawa ce matsalar. Mutum yana taka ƙasa kusan sau biyu a daƙiƙa, jikinsa kuma yana karkata hagu da dama sau ɗaya. In gadar siririya ce, kuma lilonta ya zo daidai da wannan, sai ta fara kaɗawa, masu tafiya su daidaita takunsu da ita don kada su faɗi, kaɗawar ta ƙaru. Haka ya faru da gadar Millennium a Landan. An buɗe ta ranar 10 ga Yuni, 2000, aka rufe bayan kwana biyu, ba a sake buɗewa ba sai Fabrairun 2002, bayan an ɗaura mata na'urorin shanye girgiza kusan 90. Ka tambayi mai zanenku a gaban jama'a: in taron biki ya taso daga bakin kogi a lokaci ɗaya, yaya gadar za ta yi? Ya kawo amsa a rubuce.

Ku dage a ɗauki injiniya na biyu, wanda ba ya ƙarƙashin mai zane ko ɗan kwangila, ya sake lissafin daga tushe. Ranar 15 ga Maris, 2018, gadar ƙafa da ake ginawa a Miami ta rufta kan motoci, mutum shida suka mutu. Bincike ya gano kuskure a lissafin zanen, kuma an ga manyan tsagogi a kankaren kwanaki kafin nan, amma aka bar titin a buɗe. Saboda haka a rubuta cikin kwangila wanda ke da ikon rufe titi nan take, ba sai an kira taro ba.

Game da taron jama'a kuwa, ɗaki ɗaya da dare ɗaya ba su isa ba, masu baki ne kawai za su zo. Ku yi aƙalla uku a lokuta daban-daban, ɗaya a cikin lambun kansa. Ku kafa turaku, ku ja igiya a kan layin gangaren, ku tsayar da sanda mai tsawon mita 6 don maƙwabta su ga ko za a riƙa leƙa musu gida. Ku gayyato masu keken guragu da makafi da masu sharar lambun da 'yan kwana-kwana. Tun farko ku raba abu biyu a fili: wanda ƙa'ida ta yanke, kamar tsayi da nauyi, da wanda jama'a za su zaɓa, kamar wurin sauka, fitilu, kujeru da bishiyoyin da za a bari. Kowane ƙorafi a rubuta shi da amsarsa, a liƙa inda kowa zai gani. Mata da yawa za su tambaye ka batun dare, kuma suna da gaskiya: daga bakin gadar a riƙa hango ƙarshenta, ba lungu, ba kwana mai ɓoye mutum.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Gadar ta wa ce bayan an yanke ƙyalle? Lambu na wata hukuma ne, titi na wata, gaɓar kogi na wata, kowacce za ta ce ba nata ba ne. A sa hannu kan takarda kafin a zuba kankare. Ƙarfe mai tsawon mita 60 yana miƙewa kusan santimita 3 in zafi ya sauya da digiri 40, don haka akwai mahaɗa da matasan roba da gadar ke zaune a kansu, kuma ta nan ruwa ke shiga ya kawo tsatsa. A karkata daɓen da kashi 2 cikin 100 don ruwa ya gangare, a riƙa share magudanai, a duba gadar duk shekara biyu, a yi mata binciken ƙwaƙwaf duk shekara shida, kamar yadda ake yi a Birtaniya. A kasafin farko ku ware kashi 20 zuwa 30 na ko-ta-kwana, tunda ba a riga an san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba.

In kun gama ƙirgar, turo mini ita tare da taswirar da ke nuna tudu da kwarin lambun, in duba inda gangaren zai fi zama. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka amini.