Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya ba ni hayar saba

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto wannan takarda a fili ne saboda sau uku ina shigar da ƙorafi ta hanyar da kuka tanada, sau uku kuma ana rufe shi da amsa iri ɗaya: wai sabar da na karɓa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinmu na intanet, irin wadda mai haya ke kula da ita da kansa ce, don haka matsalar ba taku ba ce.

Ni mazaunin Agege ne. Kawuna yana sayar da shadda da leshi da atamfa a kasuwar Balogun, ni kuma nake riƙe masa shafinsa na intanet da muka gina a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet. Ciniki irin namu hoto ne ke yin sa. Macen da ke Kano ko Kaduna ba za ta taɓa yadi da hannu ba, sai dai ta buɗa hoton ta duba ƙyallin shaddar da zanen leshin. Idan hoto bai fito ba, kaya ba su fita.

Na san abin da na saya. Sabunta manhaja, tsaro, ajiye kwafin bayanai, duk a wuyana suke, kuma ban taɓa kawo muku kuka a kansu ba. Da Nginx, manhajar sabar da ke amsa masu shiga shafin, ya ƙi karɓar hotuna yana nuna kuskure mai lamba 413, na san iyakarsa ta asali megabayit 1 ce, na ɗaga ta. Iyakar megabayit 2 da PHP, yaren kwamfuta da WordPress ke gudana a kai, ke sa wa fayil ma ni na gyara. Wannan aikina ne.

Abin da ba aikina ba shi ne shiryayyen kunshin da kuka haɗa da hannunku, kuka tallata cewa WordPress da duk abin da yake bukata suna ciki. Shi na zaɓa, kuma dominsa na bar kamfanin da nake a da.

Saura mako biyu Ƙaramar Sallah muka ɗora sababbin kaya. Hotuna suna hawa, amma WordPress ba ya yanko ƙananan kwafin da yake jerawa a fuskar shago. Sai ya zama duk wanda ya buɗe shafin, hotunan asali ne ke sauka a wayarsa, kowanne megabayit 4 ko 5. Ina tsaye a shago wata Hajiya da ta daɗe tana sayayya wurinmu ta kira Kawu daga Idi-Araba, ta ce: "Alhaji, shafin nan naku ya shanye min data ban ga ko yadi ɗaya ba." Kawu ya ajiye waya ya dube ni, bai ce komai ba, ya ci gaba da naɗe shaddar da ke gabansa. Kallon nan har yanzu yana damuna, domin ni na lallashe shi ya sa kuɗinsa a wannan harka.

A daren na shiga sabar. Na buga umarnin php -m mai jero kayan aikin PHP, sai ga GD da Imagick duka a jere, wato kayan aikin biyu da PHP ke dogara da su wajen rage girman hoto da yanka shi. Amma shafin duba lafiya na WordPress yana cewa babu ko ɗaya. Na turo muku hoton allon biyu. Ma'aikacinku ya ce wataƙila hotunan HEIC ne na iPhone. Na faɗa masa JPEG ne daga wayar Tecno. Ya ce in sake kunna sabar. Na kunna. Ya rufe ƙorafin.

Sai a dare na huɗu, ina aiki da hasken janareta, na tuna ruwa ba ya tsami banza, na buɗe phpinfo ta burauza, wato shafin da ke nuna saitin PHP ɗin da shafinmu ke amfani da shi. Nan na ga tushen abin. PHP iri biyu ne a cikin kunshinku. Akwai 8.1 wanda ke zuwa da Ubuntu 22.04, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, shi ke amsawa idan an buga umarni, kuma a kansa kuka saka GD da Imagick. Shafin kuwa, ta hanyar PHP-FPM mai haɗa Nginx da PHP, a kan 8.2 yake gudana, wanda kuka ƙara daga baya kuka bar shi tsirara. Kowanne da fayil ɗin saitinsa da nasa kayan aikin, ɗaya ba ya aron na ɗaya. Shi ya sa duk wanda ya duba ta umarni zai rantse komai lafiya, alhali shafin ba ya ganin komai.

Na saka GD na 8.2, na sake tayar da PHP-FPM, ƙananan hotuna suka fara fitowa. Manyan suka ci gaba da faɗuwa. GD yana warware hoto gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar saba, kowane ɗigo yana cin bayit 4. Hoton waya mai megafiksel 48, faɗi 8000 tsawo 6000, yana neman wajen megabayit 190, iyakar asali ta PHP kuwa 128 ce. Da na saka Imagick na 8.2 sannan komai ya daidaita, na sake yanko hotunan duka. Gyaran bai kai rabin awa ba. Gano shi ne ya ci mana kwana huɗu a tsakiyar cinikin Sallah, lokacin da teloli ke daina karɓar ɗinki, wadda ba ta sayi yadi a makon nan ba kuwa ta riga ta saya a wani wuri.

Na rubuto muku duk wannan bayani dalla-dalla a ƙorafi na uku, ina zaton za ku ji daɗin sanin inda ɗakinku ke yoyo. Amsar da ta dawo ita ce waccan ta farko, ko harafi ba a canza ba. Wannan ya fi ɓata min rai fiye da asarar, domin ya nuna babu wanda ya karanta. Wani abokina a Mile 12 ya karɓi kunshin nan bayan ni, na duba masa, matsalar tana nan yadda take.

Ina neman ku gyara kunshin, ku sa PHP ɗin da shafi ke gudana a kai ya zo da GD da Imagick ɗinsa. Ku sanar da duk wanda ya riga ya karɓe shi, domin da yawa ba su san hotunansu na cinye datar masu saye ba. Ku koya wa ma'aikatanku bambanta abin da mai haya ya ɓata da abin da ya zo a ɓace daga wurinku. Kuɗin hayar watan nan kuma ku mayar min da shi ko ku ƙara min kwanaki. Hayata za ta ƙare ƙarshen wata mai zuwa, amsar da na samu kafin nan ita za ta sa in sabunta ko in kwashe shafin Kawu zuwa wani wuri.

Na gode,
Abokin cinikinku,
Agege, Legas