Zuwa Ga Aminina A Legas, Kan Giɓin Da Ke Cikin Littafinka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya Legas, ya haƙuri da cunkoson Agege? Mu nan Argungu sai godiyar Allah. Hunturu ya kankama, ƙura har cikin firinta, kullum sai mun kakkaɓe shago kafin mu kunna kwamfuta. Masu noman rani sun sauka fadama da injinansu. Na leƙa Inna ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, ta ce in gaya maka ta ga saƙo, Allah ya yi albarka.

Littafinka ya iso ta WhatsApp, dare biyu na yi a kansa. Wallahi ka yi aiki. Babin Kanta da ganuwar Surame ya yi, amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu garin nan a 1934, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma daga ita bikin kamun kifi ya samo asali. Ina karantawa ina jin ƙarar gora a Matan Fada. Saboda littafin ya kai a tsaya masa ne zan dame ka da wata magana da za ka ga kamar ƙarama ce.

Kana gama kowane sakin layi sai ka danna Enter sau biyu, wani wurin sau uku. In za ka shiga sabon babi kuwa, ka yi ta dannawa har kan babin ya gangara sabon shafi. Na san inda ka samo wannan, don tare muka koya. A tafireta in kana son tazara tsakanin sakin layi sai ka ja hannun nan mai sauko da layi sau biyu, kuma da zarar takarda ta fito, magana ta ƙare, babu abin da zai sake motsi. Rubutun kwamfuta ba ya zama wuri ɗaya. Ka ƙara jimla guda a shafi na uku, duk abin da ke ƙasa ya matsa. Ni da na buɗe fayil ɗinka a nan, babi na huɗu ya faro daga tsakiyar shafi, na shida kuma shafi guda fari fat a gabansa. Kuma wannan a A4 ne. Ranar da maɗaba'a ta mayar da shi girman littafi, kowane babi zai tashi daga inda ka ajiye shi.

In kana son ka gani da idonka, buɗe shi a Word ka danna Ctrl da Shift da 8 tare. Wata alama za ta fito a ƙarshen kowane sakin layi, kamar haka: ¶. Duba wuraren da ka ɗauka fili ne. Za ka tarar da alamar tsaye ita kaɗai, wani wurin goma sha biyar a jere kamar shuka. A wurin kwamfuta kowace ɗaya sakin layi ce cikakkiya, sai dai babu komai a cikinta.

Ga kuma abin da ya sa giɓin naka ya yi faɗi haka. Word na da, irin na 2003 da muka fara taɓawa, ba ya barin tazara bayan sakin layi, shi ya sa Enter biyu ta zauna mana a hannu. Daga na 2007 suka sauya, ya riƙa ƙara poyin 10 da kansa, daga na 2013 kuma poyin 8. Poyin shi ne awon masu ɗab'i, 72 ke yin inci ɗaya. To kai da ka ƙara layi fanko, ka samu takwas ɗin farko, ga tsayin layin fankon, ga wata takwas ɗin a bayansa. In ka haɗa, giɓin ya kusa ninki huɗu na abin da ya kamata. Takarda ce wannan, aminina, kuma kai za ka biya kuɗinta a kowane kwafi. Da na share fankon a kwafin da nake gwaji da shi, shafi 140 ya dawo 124, ban cire maka ko harafi ɗaya ba.

Gyaran ba wuya. Tazara sakin layi ake gaya wa, shi ya riƙe abarsa duk inda ya je. A saman Word, cikin jerin salo, akwai wanda aka rubuta wa Normal. Danna shi da gefen dama na maus, ka zaɓi Modify, sai Format, sai Paragraph. Za ka ga ƙananan akwatuna biyu, Before na tazarar sama, After na ta ƙasa. Bar na saman a sifili, ka sa 6 ko 8 a na ƙasan. Shi ke nan, littafin gaba ɗaya ya bi. In gobe ka ga ta yi maka yawa, lamba ɗaya za ka canza. Kada ka rikita ta da tazarar da ke tsakanin layuka, wadda ɗalibai ke zuwa shagona suna cewa an ce su yi dobul. Wannan dabam ce, akwatinta na gefe.

Kanun babi su ma ka ba su salon Heading, tazarar samansu ta fi ta ƙasa, domin kan babi na abin da ke biye da shi ne, ya kamata ya jingina da shi. Sabon babi kuma Ctrl da Enter sau ɗaya ya wadatar.

Ra'ayina, in ka tambaye ni, littafin tarihi irin naka ya fi kyau ba tazara ko kaɗan tsakanin sakin layi, sai dai a ɗan tura layin farko ciki, yadda littattafan da muka karanta a makaranta suke. Ido ya fi tafiya a kai. Tazara ta fi dacewa da wasiƙar ofis da rahoto. Amma naka ne, zaɓi ɗaya. Abin da ba na so shi ne ka haɗa biyun.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, don nan ne na kusa yi maka ɓarna. Hanyar share fanko da sauri ita ce Ctrl da H, ka rubuta ^p^p a akwatin sama, ^p a na ƙasa (^p ita ce alamar ¶ ɗin nan), ka ce ya musanya duka, ka maimaita har ya ce bai samu komai ba. Haka na yi. Ina gangarawa ina jin daɗi, sai na iso waƙar da marigayi Baffa ya rubuta, wadda ka sa a ƙarshen littafin. Gabana ya faɗi. Waƙa ce ƙwar biyar, kuma abin da ya raba baiti da baiti layin fankon nan ne kawai. Musanyar ta cinye shi, ɗango ya hau kan ɗango, tun daga bismillar farko har tammat babu wurin numfashi. Wanda bai taɓa jin Baffa yana rera ta a zaure bayan isha'i ba, ina zai san inda amsa-amo ke dawowa? Na danna Ctrl da Z ta koma yadda take, amma na daɗe zaune ina kallonta. Da na tura maka haka ba tare da na duba ba, da ban yafe wa kaina ba.

Abin da na yi mata daga baya shi ne wannan. A cikin baiti, ƙarshen kowane ɗango na sa Shift da Enter, wanda ke sauko da kai layi na gaba ba tare da ya buɗe sabon sakin layi ba. Enter zalla sai a ƙarshen ɗango na biyar. Kowane baiti ya zama sakin layi guda, ɗangwayensa biyar a manne, tazarar poyin 12 a ƙasansa. Na kuma kunna Keep lines together a akwatin nan na Paragraph, don kada shafi ya raba baiti gida biyu, ɗango uku nan biyu can. Kirarin Sarkin Ruwa da ke babi na biyar shi ma haka yake so, amma ban taɓa shi ba, don ban tabbatar da inda kake son a tsaya ba. Kai ka ji shi daga bakin masu shi.

Kafin ka taɓa komai, ajiye kwafi guda da wani suna, ka tura wa kanka ta imel. Wuta ba ta da tabbas a nan, na san can ma haka ne. In kuma ka ga aikin zai ci maka lokaci ga kasuwa, bar mini shi, ka dai yi mini alama a kirarin, ka kuma gaya mini tazara kake so ko turin layin farko. Zan iya gamawa cikin mako guda in Allah ya yarda. Kuɗi kuwa kada ma ka ɗauko maganar.

Na buga waƙar Baffa a takarda biyu yadda na gyara ta, zan kai wa Inna gobe bayan la'asar in karanta mata. Ka gaishe da maiɗakinka da yara, ka ce wa babban ina jiran sakamakon jarrabawarsa. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, suna tambaya ko za ka zo kafin azumi.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Argungu