Ɗana Ya Kira Ni Cikin Dare Daga Indiya Yana Neman Gafarata

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki. Don Allah ki sakaya sunana da unguwarmu, saboda abokiyar zamana ba ta barin shirinki ya wuce ta. Yau kwana tara rabona da barcin kirki.

Maganar ɗana ce na fari, wanda yake karatun injiniyan lantarki a Indiya. Daren Talatar makon jiya ya kira ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Can sun riga mu da awa huɗu da rabi, wato uku da rabi na dare ke nan idonsa biyu. Ya ce, "Umma, ki yafe min duk abin da na yi miki." Na ce me ka yi min? Ya ce babu komai, ya gaji ne kawai. Na ce ya yi alwala ya yi nafila ya kwanta, gajiya ai ta kowa ce. Iyakar abin da na faɗa ke nan na kashe wayar. Sai da na kai haƙarƙarina ƙasa gabana ya yanke ya faɗi.

Ban ma faɗa miki tushen abin ba. Abokin ɗakinsa ne ya rasu wata ɗaya da ya wuce, kuma ba ciwo ya yi ba, shi ya kashe kansa, ana saura 'yan kwanaki jarrabawa. Ɗan ƙasar ne, ba Musulmi ba, amma shekara biyu suna ɗaki ɗaya, da azumi ma shi yake tashin ɗana sahur tunda dama ba ya barci. Ɗana ya taɓa ba ni labarinsa. Kafin ya zo makarantar sai da ya yi shekara biyu a wani gari, Kota, a jihar Rajasthan, inda babbar sana'ar garin ita ce horar da yara jarrabawar JEE ta shiga makarantun injiniya. Yara sama da miliyan ɗaya suke zaunawa duk shekara, manyan makarantun injiniya na gwamnati da ake kira IIT, da kowa yake mafarki, kuwa guda 23 ne, gurabensu ko dubu 20 ba su kai ba. Yaron bai samu ba, ya zo inda ɗana yake. Ubansa gona ya sayar, kuma duk wayar da zai yi masa maki yake fara tambaya.

Ranar da ɗana ya gaya min rasuwar, cewa na yi Allah ya raba mu da mugun ƙarshe, kuma kada ya kuskura ya sa kansa a maganar 'yan sanda a taɓa masa biza. Ban tambaye shi ya zuciyarsa ba. Sai bayan mako biyu ƙanwarsa take gaya min ashe shi ya buɗe ƙofar ɗakin ya gan shi. Ita ya gaya wa, ni bai gaya min ba.

Anti, kar ki ɗauka ni uwar banza ce. Ɗan fari ne, ke ma kin san yadda aka tashe mu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, tun da aka yaye shi kakarsa ta riƙe shi sai da ya shiga sakandare. Amma wa ya kai shi Indiyar? Filin da na gada ne na sayar a 2022, na haɗa da sarƙar gwal ɗina ta aure. Alhaji kuɗin jirgi kawai ya ba da, shi ma sai da aka yi ta kai ruwa rana. Da naira ta karye a 2023, dalar da banki yake bayarwa ƙasa da 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, ni na shiga adashi biyu, na koma yin dambun nama ina aikawa shaguna, don kada a kore shi. Alhaji ko sannu. Shi dai abin da ya iya, a majalisa ya ce ɗansa injiniya ne a ƙasar waje.

Shi ne yanzu da na same shi da maganar yaron ya dawo gida ya huta, ya rufe ni da faɗa kamar na yi saɓo. Wai kada ya sake ya tako masa gida babu takarda. Wai ni nake lalata shi, so nake a ce ɗansa ɗan asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ne. Ya kira yaron a gabana ya ce masa namiji ba ya raki, ya kashe. Mutumin da bai san ajin da ɗansa yake ba! Na san kuma inda zugar take fitowa, domin ɗan wancan ɗakin yana karatun likita a nan gida, uwarsa kuwa kullum sai ta tambaye ni, da murmushinta, wai yaushe injiniyanmu zai gama.

To a nan ne nake da abin da yake cin raina. Zangon da ya wuce ya faɗi darasi biyu, sai ya sake su. Da ya gaya min na ce masa, "Kada ka ba ni kunya a gaban wadda ka sani. Ka tuna filina." Wallahi ba don in ɗora masa nauyi na faɗa ba, don ya ƙara ƙwazo ne, kuma wace uwa ce ba ta faɗin haka? Amma tun daga ranar bai ƙara yi min maganar karatu ba, kullum "lafiya lau" ne.

Ƙanwar tasa ta nuna min a waya cewa a 2022 kaɗai ɗalibai sama da 13,000 ne suka kashe kansu a Indiya, kuma a Kota ɗin nan abin ya yi yawa a 2023 har hukuma ta dakatar da gwaje-gwajen da ake yi wa yara na wata biyu. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙolin ƙasar da kanta ta kafa kwamiti a kan lamarin. Na kai wa Alhaji, ya ce can su da ba su yarda da ƙaddara ba. Ni ma da haka nake cewa. Yanzu kuwa na san ɗana yana sallah, yana azumi, kuma cikin dare ya kira ni yana neman gafara.

Yarinyar ta samo lambar gwamnatin can ta masu damuwa, 14416, ta tura masa, ya ce ba zai kira ba. Makarantar ma akwai ofishin ba da shawara, ya ce duk wanda aka gani a ƙofar an gama da shi a wajen ɗalibai. Sun sauya masa ɗaki dai, shi ke nan. Yayata kuma ta ce iskar ɗakin ce ta shafe shi, a yi masa rubutu, to ta ina rubutu zai kai Indiya? Ƙanwarsa ta ce ya rame, ya daina zuwa cin abinci, kuma ya ba wani yaro ɗan Sudan littattafansa. Wannan na littattafan shi ya fi tayar min da hankali.

Saura min 'yan kunne da awarwaro biyu. Idan na sayar za su iya yin tikiti ta Addis Ababa, amma Alhaji ya ce in na yi haka a bakin aurena, ga yara huɗu a gabana. Ko in kai maganar wajen yayan Alhajin ne, tunda shi kaɗai yake jin nauyi? Sai dai matarsa ƙawar abokiyar zamana ce, kafin magariba gari ya ɗauka.

Kullum yanzu ina kiransa sau uku, yana ɗauka, sai in rasa abin faɗa, in ce ka ci abinci, ya ce eh, mu yi shiru. Ƙanwarsa ta ce in tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin abin da abokinsa ya yi. Bakina ya kasa, ina tsoron kada ni in sa masa abin a rai. Anti, ana yi wa ɗa irin wannan tambayar? In ana yi, ki faɗa min kalmomin ɗaya bayan ɗaya in rubuta, don yau da daddare zan sake kiransa.

Taki,
Wata uwa daga Kano