Sanarwa: zagayen bakin tabkin Madarunfa

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu zuwa tattakin ranar Lahadi, za mu bar Maradi bayan sallar asuba, domin mu gama kafin ƙarfe 10, rana ba ta yi zafi ba. Kowa ya riƙo ruwa lita 2, da sanda, da rufaffen takalmi saboda ƙarangiya.

A kula da baƙar lakar bakin ruwa: samanta ya bushe ya tsage, ƙasanta kuwa ɗanye ne, tana haɗiye ƙafa har gwiwa. A soka sanda kafin a taka. Don Allah kada yara su shiga ruwan, a kwantaccen ruwa irin wannan ake ɗaukar tsargiya.

Mu bi hanyar masunta, kada a ratsa lambun mutane.