Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Ilimi Kan Aikin Sa Kai A Makarantun Sakandare

Assalamu alaikum Mai Girma Minista, ranka ya daɗe.

Ni malamin sakandare ne, na daɗe ina riƙe da alli, kuma abin da ya sa na zauna na rubuto maka wannan wasiƙa a fili shi ne ina so iyaye da ƴan uwana malamai su ma su gani su sa baki. Roƙona ɗaya ne Yallaɓai, a samar wa aikin sa kai gurbi a cikin jadawalin makarantun sakandare, a daina barin shi a hannun malami ɗaya ko biyu da Allah ya sa musu son abin, waɗanda ranar da aka yi musu taransifa shikenan komai ya tsaya.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Akwai wata ɗalibata ƴar aji biyar, shiru-shiru ce sosai, ko tambaya ka yi mata sai ta sunkuyar da kai, kuma lissafi yana ba ta wuya ba kaɗan ba. Da muka fara kai wasu ɗalibai wata firamare da ke kusa da mu su riƙa taimaka wa ƙananan yara da karatu sau ɗaya a sati, sai aka haɗa ta da yara uku. Sati na biyu ta zo ta same ni a ofis da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce Malam wani yaro ya tambaye ni me ya sa rabin rabi yake zama kwata kuma na kasa yi masa bayani, don Allah ka nuna min yadda zan faɗa masa ya gane. Wallahi shekara biyu ina koyar da yarinyar nan ba ta taɓa neman ƙarin bayani don kanta ba, amma da ta san akwai yaron da ke jiran amsa daga bakinta sai ga ta. Ba zan ce maka ta zama ta ɗaya a aji ba, ba ta zama ba, amma kafin ƙarshen shekara tana ɗaga hannu tana magana, kuma ta ci lissafin.

Toh wannan shi ne sirrin abin a ganina. Ɗalibi tun daga aji ɗaya har ya gama kullum shi ake yi wa, a koya masa, a gyara masa, a ba shi maki, babu ranar da wani yake dogaro da shi. Ranar da ya san akwai wani tsoho a gidan kula da tsofaffi da ke jiran ya zo ya karanta masa wasiƙa, ko itacen da ya dasa zai bushe in bai je ya ba shi ruwa ba, sai ka ga ya fara zuwa kan lokaci ba tare da an bi shi da bulala ba. Riƙon amana da cika alƙawari ba a koyon su daga allo, sai an ɗora wa mutum abu a hannu.

Akwai kuma maganar zaɓen aiki. Yara da yawa suna cewa likita za su zama ko nas alhali ba su taɓa wuni a asibiti ba sai in su ne ba su da lafiya. Wanda ya yi ƴan makonni yana taimaka wa marasa lafiya su gane layi da ɗakin da za su shiga, ko yana jera littattafai a laburare, ko yana koyon taimakon gaggawa da Red Cross, zai san da wuri ko zuciyarsa na wajen ko ba ta, gara ya sani yana ɗan shekara 16 da ya sani bayan ya ɓata shekara uku a jami'a. Ga shi kuma lokacin neman sikolashif ko zuwa intabiyu yana da abin faɗa bayan sakamakon jarabawa, yana da wanda ya ga aikinsa zai iya rubuta masa takardar shaida da gaskiya.

Kuma ba sabon abu nake kawo maka ba ranka ya daɗe. Jihar Maryland a Amurka tun 1992 ta sanya awa 75 na hidimar al'umma cikin sharuɗɗan kammala sakandare. Lardin Ontario a Kanada tun 1999 yake neman awa 40, in ka raba su kan shekara huɗun da suke yi awa 10 ne kacal a shekara, ko awa ɗaya a wata bai cika ba. Makarantun da ke bin tsarin International Baccalaureate, wani tsarin karatu na ƙasa da ƙasa, ba sa ba ɗalibi difloma sai ya kammala ɓangaren da ya haɗa da hidima ga jama'a komai kyan makinsa. Shirin lambar yabo ta Duke of Edinburgh da aka fara a Birtaniya a 1956, wanda yanzu yake ƙasashe sama da 100, yana ɗaukar matasa daga shekara 14 zuwa 24 kuma ko matakin farko sai ka yi aƙalla wata uku kana aikin sa kai.

Amma fa ina jin tsoron abu ɗaya, kuma saboda shi ne ma na fi son maganar ta zo gabanka tun kafin a fara. In aka fitar da sakula kawai aka ce kowane ɗalibi ya kawo awa kaza, abin da zai faru shi ne wasu makarantu za su miƙa wa yara tsintsiya da lauje su ce ga aikin sa kai nan, wato aikin da ake ba mai laifi horo da shi shi ne za a canza wa suna, yaro kuma ya tashi yana ƙin abin har ya girma. Wasu kuma za su je a sa musu hannu a fom ba su yi komai ba, mun koya musu ƙarya kenan da hannunmu. Don haka a bar ɗalibi ya zaɓi inda zai yi daga cikin wuraren da makaranta ta je ta duba ta amince da su, iyaye su sani su yarda a rubuce, kada a tura yaro ko yarinya ko'ina shi kaɗai babu babba mai lura, kuma bayan an dawo a zauna ko minti ashirin ne su faɗi abin da suka gani da abin da ya ba su wahala, domin a wannan zaman ne darasin yake shiga.

Sannan don Allah a tuna da ɗan talaka. Akwai ɗaliban da ana tashi daga makaranta suke wucewa neman abin da gida zai ci ko rainon ƙanne, in aka ce sai yamma ko ƙarshen mako za a yi toh an cire su tun kafin a fara, ya zama ƴaƴan masu hali ne kawai za su tara takardun yabo. A sa shi cikin lokacin makaranta, ko fireyod biyu ne a sati biyu, kuma malamin da zai riƙe shirin a rage masa darussa a ba shi kuɗin mota, kada a ce shi ma ya yi ta ciro daga albashinsa.

Ba na cewa a fara da duk ƙasa rana ɗaya. A zaɓi makarantu kaɗan na birni da na ƙauye, na maza da na mata, a gwada shekara ɗaya, a tambayi ɗaliban da iyayensu da wuraren da suka yi aikin kafin a faɗaɗa. Ranar 5 ga Disamba ita ce ranar masu aikin sa kai ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1985, ina roƙon ka yi amfani da ta bana ka sanar da fara gwajin, kuma in ana neman malaman da za su fara ina cikinsu.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin sakandare